Rijiyar da Aka Nuna wa Baƙi

Ku ne. Ba sai na kama suna ba, kun san kanku, kuma duk wanda ya karanta wannan ya tsargu, to da shi nake. Ku da kuka shafa wa gari hoda saboda baƙi kuka bar masa dauɗarsa a ƙarƙashin riga, ku ne kuka kusa kashe 'yar mutane. Aljana ta shiga jikinta, wannan gaskiya ne. Amma wa ya buɗe mata ƙofa?

Taro aka kawo garin, na masana tsaftar muhalli da lafiyar jama'a, daga ƙasashe na kusa da na nesa. Ku ji fa, tsafta! Tun kafin su sauka aka yi wa fuskar kowace katanga da ke kallon babban titi fenti, aka bar bayanta da zarninta. Aka kwashe masu talla da mahaukata aka jibge su bayan gari. Aka yi hayar furanni cikin tukwane aka jera, da sharaɗin mayar wa mai su in an watse. Sannan kwamitin shirye-shirye ya zauna ya tsara abin da baƙi za su gani in sun gaji da surutu: gidan tarihi, layin masu sassaƙa da saƙa, tafkin da ake hawa kwale-kwale, dutsen da ake hangen gari daga kansa, da wata tsohuwar rijiya a bayan ɗakin taron, wadda ta ƙafe tun ba a haifi kakanninmu ba. Ita ma aka shafa mata farin fenti a baki, aka ɗora mata murfin ƙarfe, aka kafa mata allo mai bayanin da wani ya ƙirƙira a ofis.

Can cikin lungun da fenti bai kai ba, a wani gida mai rufin kwano, akwai mutumin da kowa ke kira Mai Tanka. Motar yasar masai yake tuƙawa, ta wani ɗan kwangila, kuma ɗan kwangilar ne ya sami aikin kwashe banɗakunan roba da aka jera wa baƙi. Kada sana'arsa ta ruɗe ku, duk layin babu mai tsaftarsa. Yana da bokitinsa da sabulunsa a lungun bakin ƙofa, ba ya taka tsakar gida sai ya wanke tun daga kafaɗa har ƙarƙashin farce, ya sake kaya. Matarsa Inna wankau take yi, fararen kayan unguwa duk ita ake kai wa. 'Yarsu kuwa tun tana rarrafe ake ce mata Aku saboda baki, kuma bakin ne ya samo mata aiki: kwamiti ya ɗauke ta cikin 'yan matan da za su tsaya a gaban bas da lasifika suna nuna wa baƙi gari.

Ranar da abin ya fara, yamma ce irin ta kullum. Rana ta sauko ta zauna a kan katanga, ta yi ja, ta yi nauyi. Inna na kwashe shanya tana ninkewa. Aku ta hau kujera, ta riƙe mataji a baki a matsayin lasifika, tana gwajin aikinta.

"Baƙinmu masu daraja, in kun dubi hannunku na dama za ku ga gidan tarihi. In kun dubi na hagu za ku ga Inna, wadda ta girmi gidan tarihin."

"Zan girme ki yanzu da igiyar nan," in ji Inna. "Sauko min daga kujera, mara kunya. Su baƙin ma haka kike musu?"

"Su ai tafi suke min, Inna. Ke ce ba ki san gwana ba."

Ana haka Mai Tanka ya shigo. Sallamarsa a ciki ta tsaya. Ya durƙusa a lungunsa ya fara wanki, ya ƙarar da bokiti, ya nemi a ƙaro. Aka ƙaro, ya ƙarar. Inna ta tsaya da zanin gado a kafaɗa tana kallonsa.

"Baban Aku, fatar za ka cire?"

Ya ci gaba da dirza. Almuru ya shigo gidan a hankali, ya fara cinye kusurwoyi. Hayaniyar yaran layi ta ɗauke kamar an rufe ta da faifai. Ko kukan akuyar maƙwabta, wadda ba ta taɓa yin shiru don kowa ba, babu. Sai ga dutse ya faɗo kan kwano, ya gangara, ya tsaya bai faɗo ƙasa ba.

Inna ta ɗaga murya ta zagi yaran unguwa. Wani dutsen ya biyo baya, sannan wani. Daga nan abin da ke faɗowa ya daina ƙara irin ta dutse, ya koma wani sauti mai taushi, mai danshi, tif, tif, kamar ana jefa jiƙaƙƙen tsumma. Ɗaya ya faɗo kan farar rigar da ke hannun Inna. Ta dubi abin, ta saki rigar, ta ja baya tana toshe hanci. Wari ya tashi ya cika tsakar gidan, ba irin warin da ke wucewa da iska ba, irin wanda ke shiga maƙogwaro ya zauna. Aku ta ruga ta buɗe durom ɗin ruwa don ta kurkure baki. Ruwan da aka tara da safe garau, ya koma baƙi ƙirin, da wasu farare ƙanana suna motsi a samansa.

Mai Tanka na durƙushe a lungunsa da sabulu a hannu. Shi kaɗai ne bai tambayi mene ne wannan ba, don ya sani.

Ga abin da ya faru da tsakar ranar nan. Ya cika tanka daga banɗakunan baƙi, ya kama hanyar juji, ya tarar an datse hanya saboda jerin motocin manya. Ya juya ta wata, ita ma shinge. Ɗan sanda ya ce motar kashi ba za ta ratsa gaban baƙi ba ko da sama za ta faɗo. Ga banɗakunan sun sake cika, ga baƙi sun kusa fitowa cin abinci. Ɗan kwangila ya kira shi a waya yana kumfar baki.

"Ni ban san juji ba, ban san shinge ba! Tankar nan ta dawo wofi kafin su fito, in ba haka ba ka ajiye min mukulli."

"Yallaɓai, ina zan zuba?"

"A bakinka in ka ga dama!"

Ya tsaya da mota a bayan ɗakin taron yana zufa, idonsa ya faɗa kan murfin ƙarfen nan. Babu kowa a wurin, sai ranar ƙarshe za a kawo baƙi su ga rijiyar. Ya ce a ransa rami ne busasshe mai zurfi, ƙasa za ta shanye kafin lokacin. Ya ɗage murfi, ya zura tiyo, ya buɗe famfo. Bai yi bismilla ba, don ya ji kunyar ambaton Allah a kan irin wannan aiki. Bai ce gafara ba, don bai zaci da mai gida ba. Yana cikin naɗe tiyo ya ji kamar tarin yaro daga can ƙasa. Ya mayar da murfi da sauri, ya ce ƙarar iska ce.

Tun daga wannan yammar gidan bai sake ganin almuru mai lafiya ba. Da rana shiru, kamar babu komai. Inna ta wanke tsakar gida da omo, ta sayo ruwa, ta sake wanke kayan mutane. Rana na karkatawa sai shirun nan ya sauko, sai jifa. Har da robobin ruwa irin na taron, da takardun goge hannu a dunƙule, da ƙasusuwan kaza masu maiƙo. A cikin bango kuma, daidai kan gadon Aku, ana jin tarin yaro, da tsakin wata tsohuwa, dogon tsaki mai cike da ƙyama. Masu kawo wanki suka aiko aka karɓe musu kayansu a jiƙe. Maƙwabta in za su wuce ƙofar sai su ja gefen mayafi su rufe hanci, suna satar kallo.

Aku ta ci gaba da zuwa aiki. Ta kai baƙi gidan tarihi, ta kai su wurin masu saƙa suna taya kaya suna dariya, ta hau dutse da su. Amma ta daina cin abinci. Ko loma ta kai baki sai ta tofar, ta ce ɗoyi take ji. Ruwa ma ta ƙi shi. Wata yamma Inna ta same ta a banɗaki da burushin wanki, tana dirzar damtsenta har jini na tsattsafowa, tana cewa bai fita ba, bai fita ba. Suka ɗauke ta zuwa asibiti. Aka ce su dawo wani sati, manyan likitoci duk suna wurin taro. Taron lafiyar jama'a! Wani ma'aikaci ya ba su ƙwayar barci ya sallame su.

Kashegari da almuru, tana kwance ta rame idanu sun faɗa, sai ta miƙe zaune cak. Ta ɗauki matajinta ta kai baki. Muryar da ta fito ba tata ba ce. Muryar tsohuwa ce marar haƙora, mai kaushi, tana jan kowace kalma.

"Baƙinmu masu daraja. In kun dubi hannunku na dama, ga shimfiɗata, ga abin da kuka ci jiya a kanta. In kun dubi na hagu, ga tukunyata, ku leƙa ku gani. Ga jikana can a kusurwa, ku ɗauke shi hoto kafin ya mutu."

Inna ta ƙwalla salati ta zube a bakin ƙofa. Yarinyar ta juyo da kai a hankali, ta wuce uwarta da ido, ta tsayar da shi kan uban.

"Kai, mai kashi. Ba ka gaya mata ba?"

Bai gaya mata ba. Yana gudun bakin Inna, yana gudun rasa mukullin mota, yana gudun 'yan sanda, don zuba irin wannan abu a wurin da gwamnati ta kafa wa allo ba ƙaramar magana ba ce. Ya tsaya yana kallon 'yarsa ta sunkuya tana amayar da wani baƙin ruwa mai kauri, ita da ba ta sa komai a ciki ba. A nan ne ya fita ba takalmi ya tafi neman Malam.

Malam ba irin masu babbar riga da tarin zobe ba ne. Ɗan siririn dattijo ne mai tabarau, yana karantar da manya a ƙofar gidansa, kuma ya yi shekaru yana aikin fitar da aljanu ba ya son a san yana yi. Ya zo washegari bayan la'asar da butarsa. Yana taka tsakar gidan ya tsaya, ya ciro hankici ya kai hanci, sannan ya ji kunyar masu gida ya mayar da shi aljihu. Ya sa aka fito da Aku inuwar bango, Inna ta riƙe mata kafaɗu. Ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu a hankali, ba tsawa ba bulala.

An daɗe. Inuwa ta miƙe ta rufe rabin tsakar gida. Yatsun ƙafar yarinyar suka fara rawa, wuyanta ya sandare, ta yi wani dogon tsaki.

"Ya isa, ɗan nan. Kana ƙona ni a banza. Karatun da kake yi na ji shi a bakin waɗanda suka fi ka murya."

"To alhamdu lillahi, kin san shi ke nan," in ji Malam. "Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Tambayi mai kashi."

"Ke nake tambaya."

"Ni ce mai rijiya. Ina cikinta tun tana da ruwa. Da ta ƙafe na share ta, na yi ɗaki, na haifi 'ya'ya na aurar. Ban taɓa jifan kowa ba. Suka zo suka shafa min fenti mai wari a baki, na yi haƙuri. Suka rufe min iska da ƙarfe, na yi haƙuri. Ina zaune ina ba jikana abinci, sai ga abu daga sama." Jikin yarinyar ya yi wata girgiza, ta yi kakari. "Ɗan nan, ka san abin da mutane ke ci a wurin taro? Ni yanzu na sani. Har cikin kunnena na sani."

Malam ya juya ya dubi Mai Tanka ta saman tabarau. Mai Tanka ya sunkuyar da kai, ya faɗi komai, tun daga shinge har murfi. Inna ba ta saki kafaɗun 'yarta ba, amma kallon da ta yi masa ya fi mari.

"Ka bar ni ina zagin 'ya'yan mutane," ta ce. "Ka bar ni ina wanke kashin baƙi da hannuna, kana kallo."

"An zalunce ki, Iya," Malam ya ce da aljanar. "Wannan babu musu. Amma yarinyar nan me ta zuba miki?"

"Ita ce za ta kawo su gobe su leƙa ni. Na ji ta tana gwaji."

"Leƙe laifi ne da ya kai kisa? Kin hana ta ci, kin hana ta sha. In ta mutu a hannunki, me za ki ce ranar da za a tambaye ki?"

"Ya ɓata min ɗaki, na ɗauki nasa. Nan akwai tsafta, uwarta ta iya goyo. Zan kawo jikana ma mu zauna."

"Ba za ki zauna ba. In kin ƙi da lalama, zan ci gaba da karatu har ki zama toka."

Ta yi dariya, dariyar da ta sa ƙudajen da ke bango suka tashi.

"Wadda ta kwana cikin abin da na kwana, wuta za ka tsorata ta da ita? Wuta ai wanka ce."

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"To wanda ya ba da umarnin fa? Me ya sa kika tsallake shi kika zo gidan talaka?"

"Wa ya ce ban je ba? Can na fara zuwa. Na jefa masa abin nan har cikin falo, bai ji warin komai ba, hancinsa ya saba. Na ce bari in shiga jikinsa, na leƙa na ga abin da ke ciki, na fito da gudu. Rijiyata ta fi."

Ko Malam sai da ya danne murmushi. Ya gyara zama.

"Faɗi abin da zai fitar da ke, in dai bai saɓa wa Allah ba. Yanka ba zan bari a yi miki ba, ki sani."

"Wa ke son namanku? Turarenku ma ku riƙe. A yashe min ɗakina. Shi da ya zuba, shi zai shiga. Da guga, da hannu, har sai ya taɓa busasshiyar ƙasa. Kada in ga tiyon nan kusa da bakina, ko inuwarsa. Gobe, kafin rana ta faɗi. Jikana ba zai kai jibi ba."

Mai Tanka ya zube gwiwa biyu a gaban 'yarsa.

"Iya, ki yi wa Allah. Gobe ne ake kawo baƙi wurin. In aka gan ni, aikina ya tafi, ƙila har da kurkuku. Ki bari su watse, ko in yi shi cikin duhu ba mai gani."

"Da rana ka zuba. Da rana za ka kwashe."

"Iya..."

"Kai ka zaɓa, mai kashi. Mota ko 'ya. Ni duk ɗaya ne a wurina."

Rana ta kusa taɓa katanga. Mai Tanka ya dubi damtsen Aku da ya sha burushi, ya dubi leɓɓanta da suka tsattsage don ƙishi.

"Zan shiga," ya ce.

Malam ya sa ta rantse cewa za ta fita yanzu, ba sai gobe ba, kuma in an cika mata alkawari ba za ta sake waiwayar gidan ba. Ta yi gardama, ta yi tsaki, ta ce mutane ba su da alkawari. Malam ya ce shi ne jingina, in aka saɓa ta zo gidansa. Ta ce gidan nasa da littattafai duk ƙura, Allah ya kiyaye. Daga ƙarshe ta rantse.

"Zan zauna a kan katangar nan ina kallo," ta ce. "In rana ta faɗi gobe ɗakina bai bushe ba, ba fita ba ce za ku sake nema, likkafani ne."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ƙafarta ta hagu ta miƙe ta saki, ta faɗa jikin uwarta kamar tsumma. Numfashi kawai take. Ba ta buɗe ido ba, kuma ruwan da aka ɗiga mata a baki ya gangaro ta gefe.

Gari na wayewa Mai Tanka ya bar mota a inda take, ya ɗauki igiya da guga da shebur da wasu tsofaffin durom a baro. Bai nemi kowa ya raka shi ba, don wa zai nema? Yana ɗage murfin ya ji takun mutum a bayansa. Inna ce, ta bar Aku a hannun matar Malam, ta ɗaure ƙugu da tsohon zane.

"Wa zai ja maka gugan?" ta ce. "Kada ka ɗauka na huce. Shiga."

Ya ce bismilla, ya ce gafara masu gida, ya sauka.

Ba zan ɓata muku ciki da abin da ya tarar ba, ko da yake wasunku sun cancanci a ɓata musu. Ya kai masa har ƙugu. Zafin rana ya dafa shi a ƙarƙashin ƙarfe, ya yi kumfa, yana motsi da kansa. Mutumin da ba ya taka tsakar gidansa sai ya wanke ƙarƙashin farce, shi ne yake cika guga da tafin hannu, yana amai yana ci gaba. Inna na ja tana juyewa a durom, igiya na zubo mata abin a hannu, tana tofar da yawu tana zaginsa, tana sake sakin guga.

Rana ta take tsaka, sai ga bas-bas sun tsaya. Baƙi suka sauko da huluna da tabarau, kowa da katin suna rataye a wuya, sun taho daga tafki suna ta raha. Iska ta kaɗo. Raha ta tsaya. Ɗan kwangila na cikin masu rakiya, yana hango Inna ya gane ta, fuskarsa ta koma kamar toka. Ya ruga bakin rijiya ya leƙa yana magana ƙasa-ƙasa.

"Fito, ɗan iska! Fito kafin in sa a rufe ka a ciki!"

"Yallaɓai, ban taɓa ƙasa ba tukuna," in ji murya daga ciki. "Matsa, guga na tafe."

Gugan ya taho, ya fantsama masa a takalmi.

To a nan ne za ku ga gwanintar mutanenmu. Wani ɗan kwamiti, mai ƙamshin turare da zaƙin baki, ya fizge lasifika daga hannun yarinyar da aka sa a madadin Aku. Ko gezau bai yi ba. Ya ce baƙi masu daraja, wannan abin mamaki ne da kwamiti ya tanadar muku. Ya ce ga miji da mata 'yan sa-kai, suna nuna yadda al'umma ke tashi da kanta ta tsaftace wuraren tarihinta ba tare da jiran gwamnati ba. Ya ce an yi watanni ana horar da su.

Suka tafa. Wallahi suka tafa! Masana tsafta, hankici a hanci, waya a ɗaya hannun, suna zagaye bakin rijiya suna ɗaukar hoto. Babu wanda ya tambayi yadda busasshiyar rijiya ta cika da abin da ta cika da shi, alhali robobin ruwansu na iyo a kai. Wata ta ce Inna ta ɗaga gugan sama kaɗan, ta yi murmushi. Wani ya durƙusa ya haska fitilar waya cikin ramin ya ce na ciki ya ɗago kai. Suka gama suka hau bas, don abincin rana na jiransu. A wurin rufe taro aka kira kwamiti aka yaba masa a kan wannan shiri, aka ce wasu garuruwa su yi koyi.

Rana na gab da faɗuwa shebur ya yi ƙara a kan busasshiyar ƙasa. Mai Tanka ya kankare bangon da hannu, ya sa aka zuro masa yashi mai tsabta ya shimfiɗa. Yana fitowa ya tarar da saƙo: ya kai mukulli, an kore shi saboda barin mota ba aiki a ranar da aka fi bukatarta. Suka tura baro zuwa juji, suka kama hanyar gida, mutane na darewa suna ba su hanya.

Almuru ya riga su isa. Suka tsaya a bakin ƙofa suna saurare. Yara na wasa a layi. Akuyar maƙwabta na kukanta. Kwano shiru. Mai Tanka ya durƙusa a lungunsa, bai kai ga taɓa sabulu ba ya ji wata 'yar siririyar murya daga ɗaki, muryar da ya sani tun tana rarrafe.

"Inna, ƙishi nake ji."

Inna ta dubi hannuwanta, ta kasa taɓa kofi da su. Matar Malam ce ta ɗebo. Aku ta shanye, ta miƙa kofin a ƙara. Ta leƙo ta ga ubanta a lungu, ta yamutsa fuska.

"Baba, wallahi kana wari."

Ya ce ya sani. Ya kifa kai a kan bokiti, kafaɗunsa na rawa, babu mai iya cewa dariya yake ko kuka.

Yau yana tura ruwa a baro yana sayarwa, 'yarsa na da rai, ɗan kwangila ya sami sabon aiki, ɗan kwamiti an ƙara masa girma. Ku kuma da kuka hau bas ɗin nan, da ku da kuka shirya shi, hoton yana nan cikin wayoyinku, na san ba ku goge ba. Ku buɗe shi. Ku matso da fuskar mutumin da ke ƙasan ramin, ku dubi idonsa da kyau. In akwai mai ƙarfin halin da zai ce min wannan idon ɗan sa-kai ne, ya fito ya faɗa.